A'isha Falatiya da ƙanwarta Jidawiya: idan 'yan gida ɗaya suna waƙa, sunan wa ake kira?

Wata yarinya daga Gadarif, a gabashin Sudan, ta aiko mini da tambaya. Su uku ne, ita da yayarta da ƙanwarsu, shekara huɗu ke nan suna waƙa a gidajen biki, daren lalle da ranar jirtik, wato bikin al'ada da ake yi wa ango da amarya, ƙanwar ce ke riƙe da dalluka, gangar da mata ke kaɗawa a biki. Yanzu masu biki sun fara cewa "a kira mana wance", sunanta ita kaɗai, har wani mai ɗakin ɗaukar murya ya ce zai yi mata waƙa amma ban da sauran biyun. Kakarta ta ce mata ai A'isha Falatiya ma da ƙanwarta ta fara. Shi ne take tambaya: wace ce A'isha Falatiya, da gaske jininmu ce, kuma in da ƙanwarta suke waƙa, me ya sa ba a jin sunan ƙanwar?

'Yata, kakarki ta faɗi gaskiya. Na yi shekara talatin da wani abu ina kaɗa ud, wato molon Larabawa, a bayan mawaƙa a Wad Madani da ƙauyukan Jazira kafin in koma koyar da kiɗa, saboda haka zan amsa miki ta wajen da na fi sani, wato ta bayan mai waƙa, inda mu makaɗa muke zama muna kallon ƙeyar wanda ake tafa wa.

Sunanta na yanka A'isha, mahaifinta Musa Ahmad. A Kasala aka haife ta, maƙwabtanku ke nan. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar aikin hajji, tafiya ta ajiye su a Sudan, suka zauna, kamar yadda ta ajiye kakannin yawancinmu. Uwar Bahaushiya ce, uban Bafulatani kuma malami, wanda mutanen nan ke kira faki. A Omdurman ta girma, a halwar mahaifinta, wato makarantarsa, ta yi karatun allo. Kada ki ɗauki wannan ƙaramin abu. Duk wanda ya saurari tsofaffin faya-fayanta da kunnen sana'a zai ji yadda take fitar da harafi daga mafitarsa, ba ta haɗiye ƙarshen kalma, kuma ta san inda za ta yanke numfashi ba tare da ta karya ma'ana ba. Wannan tarbiyyar tilawa ce. Na koyar da yara da yawa, kuma wanda ya zauna gaban malam da allo kafin ya zo wurina, rabin aikina an riga an yi mini.

Tun tana yarinya, ba ta fi shekara 14 ba, ta fara waƙa a gidajen biki, irin wadda kuke yi yanzu. A Omdurman ta wancan lokaci waƙar mace tana da iyaka: cikin gida, gaban mata, a kan dalluka. Wadda ta mayar da ita sana'a kuwa, ba a ganinta da daraja. Ki kwatanta 'yar faki mai halwa a wannan hali. Uban bai yarda ba, ya yi mata aure don ya toshe hanyar. Auren bai daɗe ba ya mutu, ta koma waƙarta.

A ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin faifai na Masar ya ji muryarta, aka kai ta Alƙahira ta yi faya-fayai. Lokacin babu inda ake ɗaukar murya a Sudan, duk mawaƙin da ke son faifai sai ya bi jirgin ƙasa zuwa Halfa, ya shiga jirgin ruwa, ya sake shiga jirgin ƙasa har Alƙahira. Faya-fayan suka dawo, aka riƙa juya su a garmaho a shagunan shayi da gahawa. Mazan da ba za su bar matansu su je inda take waƙa ba, su ne ke zaune suna cewa mai shago ya sake sa ta.

Sai yaƙin duniya na biyu. Turawan Ingila suka buɗe gidan rediyon Omdurman a 1940, da farko don labaran yaƙi, saboda sojojin Italiya suna nan gab da mu a Iritiriya da Habasha, har sun shiga Kasala a waccan shekarar. A'isha ta je ta yi wa sojojin Sudan waƙa a fagen daga, kuma waƙarta ta addu'ar Allah ya dawo da su gida lafiya har yau tsofaffi na rera ta. A cikin shekarun yaƙin nan ne ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Sudan. Wannan kowa ya sani, yana cikin littattafai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba ita kaɗai ta shiga ɗakin ba. Ƙanwarta Jidawiya tana tare da ita, rungume da ud.

Ina so ki tsaya a nan kaɗan, domin nan ne amsar tambayarki take. Mace mai murya a zamanin nan ba abin mamaki ba ce, kowace unguwa tana da tata. Mace mai kaɗa ud ita ce abin mamaki. Ud kayan maza ne, kayan 'yan birni masu karatu, ba a koyonsa a tsakar gida wajen daka. Sai ka sami wanda zai zaunar da kai, ya nuna maka yadda ake ɗaure tsirkiya, yadda ake riƙe risha, wato abin da ake kaɗa tsirkiyar da shi, yatsunka su yi kanta kafin ka fitar da sauti mai daɗi. Jidawiya tana cikin matan Sudan na farko da suka riƙe shi a bainar jama'a, har daga baya ta zama tana da makaɗanta. Ku masu dalluka kun san mai kiɗa ce ke riƙe da ragamar waƙa, in ta yi sauri mai waƙa ta yi haki, in ta ja ƙafa waƙar ta mutu. A ud abin ya fi haka, domin shi ke ba mai waƙa sautin da za ta fara a kai. Rediyo kuma a farkon nan kai-tsaye ake watsawa, babu a goge a sake. In mai ud ta kuskure, duk garin ya ji.

Bayan kiɗan, akwai wani aikin da Jidawiya ta yi wanda babu faifan da ya ɗauka. Da muryarsu ta fita, masu sauraro sun so, amma masu ra'ayin riƙau suka yi ca, wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa gidan rediyon don an bar mace ta shiga. Laifinta biyu ne a wurinsu: mace ce, kuma Bafallatiya ce. Tsangwamar ta kai har ta taɓa tunanin tattara kayanta ta koma Najeriya. To ki gaya mini, mace ita kaɗai, a Omdurman ta 1940 da 'yan kai, za ta iya shiga ɗaki cike da maza makaɗa da dare ta fito, gobe ta koma? Da ƙanwarta a gefe, tafiyar ta zama ta 'yan gida ɗaya, mai son yin magana sai ya rage. A ganina, kuma na daɗe ina faɗa wa ɗalibaina haka, ba mace ɗaya ce ta buɗe ƙofar rediyon nan ba, mata biyu ne, ɗaya ta sa murya, ɗaya ta sa kafaɗa.

To me ya sa aka manta da ɗayar? Ba makirci ba ne, kuma ba A'isha ce ta danne ta ba. Haka kunnen mutane yake. Mai sauraro kalma yake bi, kuma kalma a bakin mutum ɗaya take. A takardar da ke manne a tsakiyar faifai suna ɗaya ake rubutawa. Mai gabatarwa a rediyo suna ɗaya yake kira. A waƙoƙin haƙiba na maza, wato tsohon salon waƙar Omdurman, ma haka ne, ana sanin mai waƙa, 'yan amshinsa da ake ce wa shayyalin babu mai riƙe sunansu, alhali in suka yi shiru waƙar ba ta tsayuwa. Mu ma a wajenmu, wa ke iya lissafa 'yan amshin Shata? A'isha ta yi waƙoƙi sama da 150, yawancinsu a rediyon Omdurman, ta ci gaba har cikin shekarun 1960, har ta kai ga yin waƙa tare da maza, su da suka ƙi zama ɗaki ɗaya da ita da farko. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saninta da su ma sunan riɗin garinku take ɗauke da shi, Simsim al-Gadarif, na tabbata kun taɓa yin ta a biki. Ta rasu a Omdurman a 1974.

Ki lura da sunan kansa. Ba ita ta zaɓi "Falatiya" ba. Fallata kalma ce da mutanen nan ke yafa wa duk wanda kakanninsa suka zo daga yamma, Bahaushe ne, Bafulatani ne ko Babarbare, kuma ke ma kin san ba kullum ake faɗinta da fara'a ba. Aka liƙa mata, ta ɗauka, ta yi ta yawo da shi har ya zama in an ce "al-Falatiya" a ko'ina cikin Sudan mutum ɗaya ake nufi. Sunan mahaifinta ya ɓace a ciki, balle na ƙanwarta. Sunan mawaƙi jama'a ke raɗa shi, kuma ba sa neman shawara. Abin da masu bikin Gadarif suka fara yi miki ke nan.

Akwai wasu 'yan gida ɗaya da suka bi wata hanyar daban, ya kamata ki san su domin su uku ne kamar ku. Balabil: Hadiya da Amal da Hayat, 'ya'yan Muhammad Abdulmajid Talsam. Asalinsu Nubawan Wadi Halfa ne, garin da ruwan madatsar Aswan ya cinye a 1964 aka kwaso mutanensa zuwa Sabuwar Halfa, can kusa da ku. Sun fara a 1971, shekara uku kafin rasuwar A'isha, kuma bambancin zamanin ya isa abin tunani: uban A'isha aure ya yi mata don ta daina, uban waɗannan mutum ne mai ilimin boko da ya tsaya musu. Makaɗin ud Bashir Abbas ne ya haɗa su ya riƙa tsara musu kiɗa, marubuci Ali al-Mak kuma ya sa musu sunan, wato tsuntsaye masu daɗin kuka. Aka ba su suna ɗaya tun kafin jama'a su zaɓi ɗaya daga cikinsu. Suka riƙa fitowa a talabijin da tob, wato lafaya, iri ɗaya, motsi iri ɗaya, sunansu ya kai Habasha da Chadi da sauran maƙwabta. Har yau in kin tambayi mutum wace ce ta fi murya a cikinsu, sai ya tsaya yana tunani, domin bai saba raba su ba.

Me ke sa muryar 'yan'uwa ta haɗu haka? Ana cewa jini ne. Akwai gaskiya a ciki, maƙogwaro da hanci da faɗin baki gado ne. Amma abin da ya fi yawa koyo ne. Yaran da suka tashi ɗaki ɗaya wurin uwa ɗaya suka koyi furta wasali, tsawon da suke ba "a" ɗaya ne, inda suke lanƙwasa murya ɗaya ne, kuma tun suna ƙanana suke jin numfashin juna. Waƙarmu ta nan, kamar ta Hausa, a kan matakan sauti biyar take tafiya, kuma mafi yawa murya ɗaya ake bi tare, ba a rarraba ta hawa-hawa kamar ta cocin Turawa. A irin wannan waƙa babu wurin ɓuya. In mutum uku suka riƙe sauti ɗaya, ɗaya ta ɗan kauce da ƙwayar gero, kunne zai ji yana rawa. Baƙi uku sai su yi wata shida suna gwaji kafin su daidaita abin da ku kuke yi ba tare da kun kalli juna ba. Mai ɗakin ɗaukar muryar nan zai iya ninka muryarki sau uku a kwamfuta, zai kuma yi, amma abin da zai fito ke ce sau uku, ba ku uku ba.

Sai dai Balabil ma ba su dawwama ba. A 1988 suka tsaya. Zamani ya riga ya fara sauyawa tun dokokin shari'a na Satumban 1983 a mulkin Numeiri, sannan juyin mulkin 1989 ya zo da dokokin da suka ƙuntata wa mawaƙa, musamman mata, har da ƙayyade lokacin tashi daga biki. Aure da ƙaura suka yi sauran aikin, wasunsu suka koma Amurka. Sai bayan kusan shekara ashirin suka sake tsayawa gaban jama'a tare. Suna ɗaya yana kare 'yan'uwa daga kishi, amma yana da nasa tsadar: ranar da ɗaya ta tafi, sauran ba su da sunan da za su fita da shi. A'isha kuwa, da sunanta ita kaɗai, ta yi waƙa har tsufa.

Saboda haka ba zan ce miki wannan hanyar ce daidai waccan kuskure ba. Zan dai gaya miki abin da na gani da idona, ki auna.

Akwai wasu 'yan mata uku, uwa ɗaya uba ɗaya, da na yi wa kiɗa kusan shekara biyar a ƙauyukan Jazira. Ta tsakiyar ce mai muryar, babbar ce mai haddace waƙoƙi da sanin dangin amarya da na ango ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar na kan dalluka. Makirufo ɗaya muke da shi a lokacin, mai igiya, ana ɗaure shi a jikin sanda. Wata rana a wani biki, kafin a fara, na ga babbar ta kama sandar ta matsar da ita taku ɗaya wajen ta tsakiyar, ita kuma ta ja baya. Ba wanda ya ce ta yi. Da waƙa ta yi zafi, maza suka taso suna ɗaga hannu suna kaɗa yatsu a kan mai waƙa, mata na guɗa, aka fara liƙi, duk a goshin ta tsakiyar. Ita babbar tana baya tana raɗa mata sunan kawun ango da na gwaggon amarya, ita kuma tana ɗauka tana sakawa a waƙa kamar ta san su tun haihuwa. Kuɗin nan da aka liƙa, rabinsa na wannan raɗar ne, amma babu wanda ya gani sai ni da ke zaune a ƙasa.

Da aka tashi, a bayan motar da za ta mayar da mu, suka zazzage kuɗin a kan gyale. Kuɗin da aka yi ciniki da mai biki, wanda muke kira adad, an saba raba shi uku bayan an cire namu. Liƙi ne ba a taɓa yin maganarsa ba, domin da can bai taka kara ya karya ba. A daren nan ya fi adad ɗin yawa. Ta tsakiyar ta ce, cikin wasa, ai a goshinta aka liƙa. Babbar ba ta ce komai ba, ta naɗe nata kason na adad ta sa a bakin zane, ta juya tana kallon gonakin auduga har muka iso. Ba a yi faɗa ba. Bayan wata biyu ta ce mijin da za ta aura ba ya son waƙa, kuma kowa ya karɓi wannan dalilin don ya fi sauƙin faɗa. Ni ma ina da laifi a ciki, ni ne babba a motar, kalma ɗaya ta isa, na yi shiru don kada a ce makaɗi ya shiga maganar gida. Ta tsakiyar ta ci gaba ita kaɗai shekara biyu. Muryar tana nan, amma ta riƙa kiran sunan da ba shi ba, ta yabi wanda ba a shiri da shi a gidan, masu biki suka fara neman wasu.

Shi ya sa, in kin tambaye ni, maganar faifai ba ita ce ta farko ba. Ku zauna ku uku, da mahaifiyarku ko kakar nan taku a wurin, ku yanke yadda ake raba adad da yadda ake raba liƙi, a faɗa da baki kowa ya ji, tun kuɗin bai yi yawan da zai sa kunya ta hana magana ba. Ku yanke sunan da za a riƙa kiranku da shi. In kun zaɓi suna ɗaya na ku uku, to ku dage a kansa, duk wanda ya kira waya ya ce "wance", a ce masa sunan ƙungiyar. In kuma kun yarda sunanki ne zai shige gaba, babu aibu, A'isha ta yi haka, amma ki sa sharaɗi ga mai ɗaukar muryar: ƙanwarki ce za ta kaɗa dalluka, ba na'ura ba, yayarki ce za ta yi amshi, kuma a rubuta sunayensu a ƙarƙashin waƙar duk inda za a sa ta, YouTube ne ko Facebook. A zamanin garmaho takardar faifai ba ta da fili. Yanzu fili ba ya ƙarewa, wanda bai rubuta ba ƙi ya yi. In ya ce shi ke kaɗai yake so ko a fasa, ki tambaye shi dalili. Sau da yawa dalilin bai wuce cewa yarinya ɗaya ta fi uku sauƙin juyawa wajen ciniki ba. Kada kuma ki je ɗakin nan ke kaɗai, ko da an gama yarjejeniya.

Wani abu kuma, ku ɗauki muryarku ku uku tun yanzu, ko da a waya ne, cikin ɗaki mai labule da katifa don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, wayar tana nesa da dalluka kusa da bakuna. Ku aika wa 'yan'uwa biyu ko uku a garuruwa daban-daban su ajiye. Yawancin abin da A'isha da Jidawiya suka bari a ma'ajiyar rediyon Omdurman yake, kuma kin ga abin da ya faru tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023: ginin ya koma sansanin masu bindiga kusan shekara guda, duk mai son waƙar ƙasar nan hannunsa na kan ƙirji saboda faya-fayan da ke ciki.

Ki gaida kakarki. Ki tambaye ta ko ta taɓa ganin Jidawiya da idonta ko a rediyo kawai ta ji kiɗanta, in ta fara ba da labarin ki kunna wayar ki ajiye kusa da ita.